Ina Haske Ya Tafi? Nazarin Rabon Haske Tsakanin Ido da Kyamara a Maikiroskof Mai Baki Uku

Tsarin da za a bi diddiginsa a nan sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji na makarantar koyar da ma'aikatan lafiya. Maikiroskof ɗaya ne mai kyau a ɗakin, da safe a karanta jinin masu zazzaɓin cizon sauro da shi, da rana ɗalibai su taru a koya musu da shi. Domin kowa ya gani ba tare da an yi layi ba, sai a sayo mai baki uku: maleƙai biyu inda ake sa ido, da bututu na uku a tsaye a bisa kai, inda ake ɗaura kyamara ta tura hoto zuwa kwamfuta ko babban allo.

Ga kayan da ke cikin wannan lamarin. Fitila ƙwan halojin ce mai bolt 6, wat 30. Objektif, wato gilasan da ke fuskantar silaid suna girmama hoto, huɗu ne, 4x da 10x da 40x da kuma 100x/1.25 na mai. Maleƙai 10x ne masu lambar fili 20. A gefen kai akwai ɗan ƙarfe da ake ja ana turawa kamar sakatar ƙofa, mai matsayi uku. Kyamara kuwa sensarta, ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikinta, mai girman rabin inci ce, an ɗaura ta a kan adafta 1x, wato bututu zalla wanda babu gilashi a cikinsa.

Tun da aka ɗaura kyamarar kuka ya fara. Masu karanta silaid suka ce fili ya yi duhu a 100x, ido na gajiya kafin azahar, kuma ƙananan zobban maleriya masu hasken launi ba sa fitowa kamar da. Malamin da ke koyarwa ya ce hoton allo yana jan ƙafa, da an motsa silaid sai komai ya dagule, kuma abin da yake gani a gefen fili ɗalibai ba sa ganinsa sam. Ga shi idan ya saita hoto ya fito ras a ido, a allo sai ya zama dishi-dishi. Zargi na farko ya faɗa kan ƙwai, aka sauya shi, babu abin da ya canja. Daga nan aka fara cewa kan maikiroskof ɗin ne ya lalace.

Abin da ke cikin kai

Hasken da ya ratsa silaid ya shiga objektif zare ɗaya ne, ba shi da na biyu. Kan mai baki uku ba ya ƙara ko ɗigo a kansa, rabawa kawai yake yi. Sakatar nan tana jan wani ɗan akwati ne a ciki wanda ke ɗauke da gilasai masu kusurwa, firizim, jere da juna. A matsayi na farko firizim ɗin da ke kan hanya yana karkatar da hasken gaba ɗaya zuwa maleƙai. A matsayi na ƙarshe haske yana wucewa sak zuwa sama, ido bai samun komai. A na tsakiya akwai marabin haske: firizim biyu da aka manne, a fuskar da suka haɗu an shafa wani siririn rufi wanda ke mayar da wani kaso gefe, ya bar sauran ya wuce. Kaurin rufin da abin da aka yi shi da shi su ne ke yanke kason, tun daga masana'anta. Babu wani noti da za a murɗa a mayar da 20 ya zama 40.

Ana rubuta rabon da lambobi biyu, a nan na ido a gaba, na kyamara a baya: 100/0, 20/80, 0/100. Wannan shi ne tsarin kan Olympus U-TR30-2, haka kuma na Nikon C-TT. Nikon C-TF matsayi biyu kawai gare shi, 100/0 da 0/100, wato ko ido ko kyamara. Bututun hoto na Zeiss Primo Star kuwa rabonsa a kafe yake, 50/50, babu sakata. Wasu kamfanoni suna juya lambobin su sa na kyamara a gaba, saboda haka a duba ɗan zanen ido da na kyamara da ke jikin sakatar kafin a yanke hukunci.

Da aka duba, sakata tana tsakiya, kuma a nan take kwana take tashi tun ranar da aka ɗaura kyamara, domin a nan ne kawai ido da allo suke gani tare.

Lissafin abin da ido ya samu

Kashi 20 ɗin nan ba ido ɗaya ke cinye shi ba. Bayan marabin farko akwai na biyu a ɓangaren maleƙai, wanda ke raba hasken gida biyu tsakanin idon dama da na hagu. Kenan a 100/0 kowane ido yana samun kusan kashi 50 cikin 100, a 50/50 kashi 25, a 20/80 kashi 10 kacal, kafin ma a cire ɗan abin da kowace fuskar gilashi ke sha. Wanda ya saba karatu a 100/0 aka mayar da shi 20/80 an rage masa haske ninki biyar.

Me ya sa ba a ji zafin abin ba sai a 100x? Hasken hoto yana tafiya ne da lambar NA, ma'aunin yawan hasken da objektif ke iya tattarawa, wadda aka rubuta bayan layi a jikin objektif, idan aka raba ta da ƙarfin girmamawa sannan aka ninka amsar da kanta. Na 10x/0.25 ya ba da 0.025, na 100x/1.25 ya ba da 0.0125, rabi kenan, idan aka ninka kowanne da kansa sai ya zama rubu'i. A lissafi hoton 100x rubu'in hasken na 10x gare shi. A haɗa wannan da ninki biyar na sakata: tsakanin 10x a 100/0 da 100x a 20/80 akwai tazarar ninki ashirin, fitila ɗaya, silaid ɗaya. Shimfiɗar jini mai kauri da aka rina da Giemsa kuma tana shan nata kason.

Akwai masu cewa ai ido zai saba, ƙwayar ido za ta buɗe ta karɓi ƙari. A maikiroskof wannan ba ya ceto. Hasken da ke fitowa daga maleƙi yana tattaruwa a wani ɗan da'ira kafin ya shiga ido, kuma a girmamawa sau 1000 da NA 1.25 faɗin wannan da'ira bai wuce kusan milimita 0.6 ba. Ƙwayar idon mutum ko a tsakar rana ta fi haka faɗi. Duk hasken da ake da shi ya riga ya shiga, ƙarin buɗewa ba ya kawo komai. Abin da ke raguwa shi ne iya bambance launi, kuma da launi ake gane ƙwayar maleriya: jan ɗigo a gefe, shuɗin zobe a jikinsa. Idan ɗakin ma yana da taga a bayan mai karatu, hasken rana na bugun gilashin maleƙi, abin ya ƙara ta'azzara.

Duk da haka 20/80 ba kuskuren masu ƙira ba ne. Ƙwan halojin yana ba da farin haske ne idan an buɗe shi sosai, wajen digiri 3200 a ma'aunin Kelvin, idan aka rage shi sai ya koma rawaya, har ja-ja. Kyamara tana son fitila a buɗe saboda launi, amma a 4x ko 10x wannan haske zai kashe ido. Matsayin 20/80 yana ba kyamara abin da take so, ya kare ido. Wurinsa kenan. Shi ya sa ma ake rage fitila kafin a mayar da sakata 100/0 a ƙaramin objektif, kada haske ya doki idon mai leƙawa.

Ma'aikata sun yi dabaru biyu kafin a gano sakatar, kuma dukansu gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Na farko, suka ƙure fitila har ƙarshe daga safe zuwa yamma, abin da ke gajarta rayuwar ƙwai ya kuma zafafa gindin na'urar. Na biyu, suka riƙa wasa da kondensa, gilashin da ke ƙarƙashin silaid mai tattara hasken fitila, a ɗaga ta, a sauke ta, a wangale ƙofarta, duk don neman haske. Kondensa ba maɓallin ƙara haske ba ce. A tsarin haskakawa da August Köhler ya bayyana a Jamus a 1893, wanda har yau shi ake bi, tsayin kondensa yana da wuri guda, inda gefen ƙofar fili, wadda ke can wajen fitila, ya fito sarai tare da silaid, ƙofar kondensa kuma ana barin ta wajen kashi 70 zuwa 80 na NA ɗin objektif. Idan aka wangale ta fiye da kima hoto ya wanke, idan aka tsuke ta kowane ɗigon ƙura da garin rini ya yi kauri ya yi kama da ƙwayar cuta. Sai da aka sake saita wannan daga farko kafin a ci gaba da kowane gwaji.

Gwajin da ke wanke kan daga zargi

Kyamarar kanta ce ma'auni. A sa silaid, a saita hoto a 10x, a matsa zuwa inda babu jini, fili fari tas. A cikin manhajar kyamara a kashe duk abin da ke daidaita kansa da kansa, lokacin shan haske da ƙarin ƙarfi da daidaita fari, a mayar da saitin da manhaja ke kira gamma zuwa 1. Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa, kuma idan aka bar kyamara tana gyara kanta, ko an ja sakata hoto zai koma yadda yake cikin daƙiƙa ɗaya, a ɗauka babu bambanci. A kai sakata 0/100, a rage lokacin shan haske har manhaja ta nuna hasken tsakiyar hoto wajen 200 cikin 255. A dawo 20/80 ba tare da taɓa komai ba. Lambar ta sauko kusan 160. A kai 100/0, allo ya yi baƙi. Idan lambobin sun zo kusa da haka, kan lafiyarsa ƙalau. A yi gwajin lokacin da wuta take tsaye, domin janaretan da ke hawa da sauka zai sa fitila ta yi ta canjawa tsakanin awo da awo.

A ji kuma ko sakatar tana shiga wurinta da ɗan ƙas. Idan ta tsaya tsakanin matsayi biyu, gefen firizim yana yanke hanyar haske, sai a ga ɓangare ɗaya na fili ya fi ɗaya duhu, a ido ko a allo ko duka biyu. Man da ke kan layin da akwatin ke bi yakan daskare da ƙura, sakata ta yi tauri, mai aiki ya tura ta rabi ya bari.

Wannan gwajin yana nuna wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Tsakanin 80 da 100 abin da kyamara ta ƙaru da shi rubu'i ne kawai. Hoton da ke buƙatar milisakan 10 a 0/100 zai buƙaci 12.5 a 20/80, ko 20 a kan mai 50/50. To idan kyamarar da ke karɓar kashi 80 tana kukan duhu har tana jan ƙafa, ba a wurin sakata gizo ke saƙar ba.

Inda hasken kyamara yake zubewa

Lambar fili 20 da ke jikin maleƙi tana nufin ido yana kallon da'ira mai faɗin milimita 20 a wurin da hoto ke haɗuwa cikin kai. A 100x wannan ya yi daidai da maikiromita 200 a kan silaid. Hoton da ke hawa bututu na uku girmansa ɗaya da wannan. Sensar da ake kira rabin inci kuwa ainihin girmanta milimita 6.4 ne a faɗi, 4.8 a tsayi, 8 daga kusurwa zuwa kusurwa, sunan inci tsohon suna ne da aka gada daga bututun kyamarar talabijin. A kan adafta 1x sensar tana zaune a tsakiyar da'irar tana ganin maikiromita 64 a faɗi, 48 a tsayi. Jajayen ƙwayoyin jini takwas ko tara a jere sun cika allo. Idan aka auna fili da fili, abin da kyamara ke gani kusan kashi ɗaya ne cikin goma na abin da ido ke gani.

Ma'anar wannan ita ce an ƙwace wa ido kashi 80 na haske, aka tura shi sama, sannan tara cikin goma na abin da aka tura ya faɗi a bangon adafta, bai taɓa sensa ba. Nan asarar take.

Adafta 0.5x tana da gilashi a ciki wanda ke tsuke hoton zuwa rabin girmansa. Faɗi ya koma rabi, tsayi ya koma rabi, hasken da ke baje a murabba'i huɗu ya taru a ɗaya, kowane ɗigo na sensa ya sami ninki huɗu. Kyamara ta koma ganin maikiromita 128 da 96, kusan kashi 39 na filin ido. A ce a da tana buƙatar milisakan 80 kafin hoto ya yi haske. Wannan ba zai ba ta damar wuce hoto 12 a daƙiƙa ba, kuma duk motsin silaid a cikin waɗannan milisakan 80 zai shafe a hoto, shi ne jan ƙafar da malamin ya gani. Da 0.5x lokacin ya sauko milisakan 20, motsi ya daina dagulewa, kuma aka sami damar sauke ƙarin ƙarfin da manhaja ta ɗora, wanda shi ke cika hoto da ƙuraje kamar an watsa yashi.

Ana iya fargabar cewa tsuke hoto zai ɓatar da ƙananan abubuwa. Objektif 100x/1.25 ba ya iya raba ɗigo biyu da suka fi kusan maikiromita 0.27 kusanci. A kan sensa wannan tazara ta zama maikiromita 27 da adafta 1x, 13 da 0.5x. Ɗigon sensa a irin waɗannan kyamarori wajen maikiromita 3 ne, kuma biyu zuwa uku sun isa su riƙe wannan tazara. Babu abin da aka rasa, sai girman banza da aka zubar. Amma kada a zarce. Adafta 0.35x a kan wannan sensa za ta nemi da'irar da ta kusa milimita 23, fiye da abin da kan ke bayarwa, kusurwoyin hoto su yi baƙi. Ita 0.35x ta sensar sulusin inci ce, 0.63x ta dace da mai biyu bisa uku na inci, 1x kuma sai mai inci guda. Adafta ta kasance ta kamfanin da ya yi kan, ko wadda aka ƙera musamman dominsa, domin bakin bututun da nisan hoto sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Haɗarin ƙidaya daga allo

Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi majiyyaci kai tsaye. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla fili 100 na shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin objektif na mai kafin a rubuta cewa ba a ga ƙwayar maleriya ba. Filin da ake nufi na maleƙi ne. Da ido ya yi duhu, wasu ma'aikata suka koma karantawa daga allo saboda ya fi sauƙi, suna ƙirga kowane hoto a matsayin fili. Da adafta 1x, fili 100 na allo bai fi fili goma na ido ba. Mai ƙwayoyi kaɗan a jini, kamar babban da ya saba da zazzaɓin ko wanda ya fara shan magani kafin ya zo, zai iya fita da takardar cewa babu komai. Ko da 0.5x sai an duba sama da fili 250 na allo kafin a kamo 100 na ido. Ƙidayar da ake yi da fararen ƙwayoyin jini, 200 ko 500, girman fili bai dame ta ba, amma hukuncin "babu" ya dogara kacokan a kan yawan jinin da aka leƙa. A ganinmu duk sakamakon da zai hau takardar majiyyaci a karanta shi da ido, sakata a 100/0. Allo na koyarwa ne da ajiye shaida.

Ido ya gani, allo bai gani ba

Rashin daidaiton saiti tsakanin ido da kyamara ba daga rabon haske yake ba, daga nisa yake. Mahaɗin C, zaren da kyamara ke ɗaurewa da shi, faɗinsa inci ɗaya ne, kuma daga bakinsa zuwa sensa dole ya zama milimita 17.526. Akwai ɗan'uwansa, CS, zare iri ɗaya amma ya gaza da milimita 5. Kyamarar CS sai an sa mata zobe mai kaurin milimita 5, ta C kuma idan aka bar mata zoben ta yi nisa da milimita 5. Wannan ne abu na farko da ake dubawa.

Kuskuren nisa yana ɓuya a babban objektif ya bayyana a ƙarami, domin ana raba shi ne da girmamawa da aka ninka da kanta. Milimita 5 a 100x bai kai maikiromita ɗaya a kan silaid ba, ɗan taɓa maɓalli ya gyara. A 10x maikiromita 50 ne, a 4x ya haura 300. Sauya adafta zuwa 0.5x yana ninka wannan larura sau huɗu, shi ya sa take zuwa da zoben saiti da ɗan sukurun kulle shi. Yadda ake yi: a mayar da zobban maleƙai sifili, a saita hoto da 40x, a juya zuwa 10x ba tare da taɓa maɓallin saiti ba, a gyara kowane ido da zoben maleƙinsa, a maimaita sau ɗaya. Sannan, har yanzu a 10x ko 4x, a kwance sukurun adafta, a murɗa zobenta har allo ya fito ras, a kulle. Wanda ya yi wannan saitin a 100x zai ga kamar ya yi daidai, sai ya sauko 10x ya tarar da aikin bai yi ba. Matasan ɗalibai kuma idonsu yana iya gyara ɗan kuskure da kansa ba su sani ba, kyamara ba ta da wannan baiwar, don haka idan an sami saɓani bayan an gama saiti, a fara zargin zoben maleƙi da wani ya murɗa.

Idan aka ga ratsi-ratsi na duhu suna tafiya a allo bayan lokacin shan haske ya gajarta, a sa kyamara a kan 50 Hz, wanda shi ne bugun wutar Najeriya da Nijar, ko a zaɓi lokaci mai ninkin milisakan 10. Bayan kowane canjin ƙarfin ƙwan halojin a sake daidaita fari a wurin da babu jini.

Tabon da ke bayyana a wuri ɗaya a kowane hoto yana da sauƙin kamawa. A sassauta kyamara a juya ta a hankali. Idan jinin ya juya a allo tabon ya tsaya cik, yana kan gilashin da ke rufe sensa, a hure shi da robar hura iska. Ƙurar da ke kan firizim ba ta fitowa a matsayin tabo, hazo take sawa a ko'ina. Bututu na uku bakinsa sama yake kallo, idan aka cire kyamara aka bar shi ba murfi a lokacin hunturu ƙura tana sauka kai tsaye kan marabin haske, da damina kuma danshi ya haifar da fumfuna wadda ke cin rufin da ke yin rabon. Kada a buɗe kan a ɗakin gwaji. Firizim ɗin da ya goce da ɗan kaɗan yana sa ido biyu su ga hoto biyu da ba su haɗu ba, ciwon kai ya biyo baya, kuma mayar da shi sai mai kayan aikin.

Idan aikin ya koma na tarin fuka

Lissafin yana ƙara tsanani a duban ƙyalli, inda ake rina majina da auramin a haska ta da shuɗin LED, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma mata a 2011. A nan hasken da ke zuwa ido ba na fitila ba ne, ɗan ƙyallin da ƙwayoyin cutar ke fitarwa ne a kan baƙin fili, kuma yana dusashewa muddin ana haska shi. Kashi 10 ga kowane ido bai isa ba, ƙwayoyi marasa ƙarfin ƙyalli za su wuce ba a gan su ba. Ana nema da ido a 100/0, idan an samu a kai sakata 0/100 a ɗauki hoto, a rufe hasken nan take.

Akwai dalili na biyu na guje wa matsayin tsakiya a wannan aikin. Marabin haske hanya ce mai zuwa da komowa. Hasken ɗaki yana shiga ta maleƙai idan babu ido a kansu, ya bi ta firizim, ya yi ta karo da fuskokin gilashi har wani abu ya kai ga sensa. A farin filin maleriya ba za a lura ba. A hoton ƙyalli mai ɗaukar rabin daƙiƙa ko fiye, baƙin fili sai ya koma toka-toka. Gwajinsa: a kashe hasken maikiroskof, a tsawaita lokacin shan haske, a rufe maleƙai da tafin hannu a buɗe, a kalli allo. Mai kai 50/50 da babu sakata ba shi da mafita sai murfin maleƙai ko baƙin ƙyalle, da rage hasken ɗaki.

A maikiroskof na duban sauro da ƙwari, mai hanyar haske biyu daban-daban, labarin wani ne. A yawancinsu jan sakata yana ɗauke hanyar ido ɗaya gaba ɗaya ya ba kyamara, maleƙi ɗaya ya mutu. Wannan ma haka aka ƙera shi.

Abin da aka tsayar

Ba a sauya kan ba, ba a buɗe shi ba. An sayi adafta 0.5x, aka saita ta a 4x aka kulle. An mayar da kondensa wurinta. An liƙa 'yar takarda a gefen sakata: karatun majiyyaci a 100/0, darasi a 20/80, hoton ajiya da na ƙyalli a 0/100. A lokacin darasi da objektif na mai malami yana nemo abin da zai nuna a 100/0, ya kawo shi tsakiyar fili, sannan ya ja sakata ya koma kallon allo tare da ɗalibai, domin har da sabuwar adafta abin da ke gefen da'ira ba ya hawa allo. Wanda ya gama darasi shi ke mayar da sakata 100/0 ya rage fitila kafin ya rufe na'urar.

Ga wanda zai sayi sabo domin aiki biyu irin wannan, mai matsayi uku ya fi, ko da kuɗinsa ya ɗara. Mai 50/50 a kafe yana wadatarwa idan fitilar LED ce mai ƙarfi kuma aikin bai wuce farin fili ba, rabin haske ne ya tafi ba huɗu cikin biyar ba, babu kuma sakatar da za a manta a tsakiya. Mai matsayi biyu ya dace da ɗakin da ake ɗaukar hoto jefi-jefi, da na duban ƙyalli. Kada a ɗauko kan wani kamfani a ɗora a jikin na wani don bakin ya shiga. A maikiroskof na zamani gilashin da ke haɗa hoto yana aiki ne da objektif na gidansu, kuma nisan haɗa hotonsa milimita 180 ne a Olympus, 200 a Nikon da Leica, kusan 165 a Zeiss. Idan aka gauraya su, lambar da ke jikin objektif ta daina zama gaskiya, duk awon maikiromita da aka yi a allo ya tashi. A takardar oda a rubuta rabon hasken da ake so da lambobi, a rubuta girman sensar kyamara, a kuma rubuta ƙarfin adaftar da ta dace da ita a layi na gaba.